Rubuta Abin da Ma'auni Ya Nuna Maka

Da yake ni malamin kimiyyar sinadarai ne, wato darasin da ɗalibai suka fi sani da kemistiri, zan tsaya ne a ɗakin gwaje-gwaje, kusa da ɗan siririn gilashin nan da muke kira ma'aunin zafi. Ina roƙon iyaye da sauran jama'ar ikkilisiya, idan sun ga lambobi a cikin wannan rubutu kada su yi saurin juya shafi. Lissafin bai fi na mai awon gero a kasuwa wuya ba, maganar da ke ƙarƙashinsa kuwa ta shafe mu duka.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami

A bazarar bara, cikin makon farko na watan Mayu, na ba 'yan aji biyu na babbar sakandare wani gwaji da kowane ɗalibin kimiyya yakan yi kafin ya bar makaranta. Za su haɗa ruwan asid da ruwan soda a cikin kofi, su auna zafinsu kafin haɗawa da bayan haɗawa, sa'an nan su lissafa yawan zafin da haɗuwar ta haifar. Duk wanda ya san Sakkwato ya san yadda gari yake a irin wannan lokaci. Ma'aunin da ke rataye a bangon ɗakin ya nuna digiri 38 tun kafin azahar, zufa tana ɗiga a kan littattafai. Da na auna ruwan da ke cikin kwalaben da hannuna, digiri 35 na samu.

Da daddare na zauna duba aikin. Littafi na farko ya ce zafin farko digiri 25 ne. Na biyu ma 25, haka na uku. Washegari na kira ɗaya daga cikinsu, yaro mai ƙoƙari, na ce masa, "Kai, a wane gari ka yi naka gwajin? A Jos?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ai haka yake a littafi." Wasu kuma sun fi shi wayo. Sun rubuta 35 daidai, amma da suka ga amsarsu ba ta kai ta littafi ba, sai suka faro daga amsar littafin suka yi lissafi da baya da baya, har suka ƙago zafin ƙarshe wanda ma'auni bai taɓa nuna musu ba. Abin da ya tona asirinsu shi ne sun rubuta digiri 41.79, alhali kuwa ma'aunin da suka riƙe iyakarsa rabin digiri. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ban ba da wannan labari don in kunyata kowa ba, domin ni ma na taɓa yin haka lokacin da nake ɗalibi, har aka yaba mini, kuma har yau abin yana damuna. Ra'ayin da nake so in kare a nan shi ne, ɗalibin da ya auna da idonsa, ya lissafa da hannunsa, ya sami amsar da ta gaza ta littafi, kuma ya iya faɗin inda sauran zafin ya tafi, ya fi cancantar maki a kan wanda ya kawo amsar littafi cif ta hanyar sata. Ya kamata ɗalibai su san haka, mu malamai mu riƙa ba da maki a kan haka, iyaye kuma su goya mana baya.

Zafi iri biyu ne

Kafin mu shiga lissafi, sai mun warware wani ƙulli. A Hausa kalma ɗaya muke amfani da ita, wato zafi, a kan abubuwa biyu da kimiyya ta raba. Na farko shi ne matsayin zafi, abin da ma'auni yake nunawa da digiri. Na biyu shi ne yawan zafi, wato adadin makamashin da ya shiga abu ko ya fita daga cikinsa, wanda ake ƙirgawa da jul. Alal misali, butar mai shayi tana tafasa, tukunyar tuwon biki ita ma ruwanta yana tafasa. In ka tsoma ma'auni a cikinsu, digiri ɗaya zai nuna maka. Amma tambayi mai girki itace nawa kowace ta ci, za ka ji bambanci. Matsayinsu ɗaya ne, yawan zafin da suka sha kuwa ba a haɗa su.

Wani masani ɗan ƙasar Sikotilan mai suna Joseph Black shi ne ya fayyace wannan bambanci wajen shekarar 1760. Ya kuma nuna cewa kowane abu da irin ƙarfinsa na riƙe zafi. Giram ɗaya na ruwa yana buƙatar kimanin jul 4.2 kafin zafinsa ya hau da digiri ɗaya. Giram ɗaya na yashi yana buƙatar kamar jul 0.8, na baƙin ƙarfe kuwa kamar jul 0.45 kawai. Wannan yana cikin dalilan da suka sa rairayin bakin Gulbin Rima yake ƙona tafin ƙafa da tsakar rana, alhali ruwan da ke kusa da shi, wanda rana ɗaya ce take dukan su, yana da daɗin shiga.

Daga nan ne aka samo ƙa'idar da muke rubutawa a allo: Q = m × c × ΔT. Harafin Q yana nufin yawan zafi, m nauyin ruwan, c ƙarfinsa na riƙe zafi, ΔT kuma canjin zafi, wato zafin ƙarshe a ɗebe zafin farko. Nauyi sikeli ne yake ba mu shi, c kuwa littafi ne yake ba mu shi. Canjin zafi kaɗai ne ya rage, kuma babu mai ba ɗalibi shi sai idonsa da ma'auninsa. In ya yi ha'inci a nan, ya rushe aikin gaba ɗaya.

Yadda ake lissafin

Bari mu bi gwajin na watan Mayu daki-daki. Mun ɗebi mililita 50 na ruwan asid, HCl, da mililita 50 na ruwan sodar nan mai ƙuna da ake yin sabulu da ita, NaOH, kowannensu mai ƙarfin mol ɗaya a lita. Mol wani mudu ne da masana sinadarai suke ƙirga ƙwayoyin abu da shi. Da aka haɗa su mun sami mililita 100, kuma da yake ruwa ne ya fi yawa a ciki, mukan ɗauki nauyinsa giram 100. Zafin farko digiri 35. Bayan an zuba an motsa, ma'auni ya hau har ya tsaya a 41.5 kafin ya fara sauka. Canjin zafi ke nan digiri 6.5.

Sai mu ninka: 100 sau 4.2 sau 6.5, ya ba mu jul 2,730. A cikin mililita 50 na asid ɗin akwai mol 0.05, saboda haka sai mu raba 2,730 da 0.05, mu sami jul 54,600, wato kilojul 54.6 a kowane mol. Littafi ya ce kimanin kilojul 57 ne. Mun yi kusa ƙwarai, giɓin da ya rage kuma yana da dalili, kamar yadda za mu gani nan gaba.

To, dubi abin da ya sami wanda ya aro 25 daga littafi, ya kuma karanta 41.5 daga ma'auni. Canjin zafinsa ya zama 16.5, yawan zafinsa jul 6,930, amsarsa kuma kilojul 138.6, wato fiye da ninki biyu na gaskiyar lamari. Ita 25 ɗin nan da ake ta gani a littattafai matsayi ne da masana suka amince a riƙa kawo sakamako a kansa domin a iya kwatanta aikin wannan ƙasa da na waccan. Ba wanda ya ce ɗakin gwajin Wamakko yana zaune a kan 25. A bazara garinmu yakan wuce digiri 40 da rana, a hunturu kuma da sassafe yakan sauko ƙasa da 20. Hatta tafasar ruwa ba a digiri 100 cif take faruwa a ko'ina ba. A nan wajenmu, da yake mun ɗara teku tudu da kusan mita 300, ruwa yana tafasa wajen digiri 99, a Jos kuwa wajen 96. Wanda ya tsoma ma'auni a tafasasshen ruwa a nan ya ga 99, ya goge ya rubuta 100, ya zubar da ilimin da ya zo hannunsa a kyauta.

Wuraren da ake yin tuntuɓe

Akwai kurakurai guda uku da nake gani kowace shekara, waɗanda ba na ha'inci ba ne, na rashin lura ne. Na farko, wasu sukan ƙara 273 a kan canjin zafi wai don su mai da shi ma'aunin Kelbin. Ba a yin haka. Digiri 35 shi ne 308 a Kelbin, 41.5 kuma 314.5, tazarar da ke tsakaninsu tana nan 6.5 ɗinta. In an ɗora wa yara biyu hula iri ɗaya, bambancin tsayinsu ba zai canja ba.

Na biyu shi ne alamar ɗebewa. Ɗalibi yakan ce, "Malam, zafi ya ƙaru, don me za mu sa alamar ɗebewa a gaban amsa?" Dalili shi ne littafin asusun sinadaran muke rubutawa. Kuɗin da ya shiga aljihun ruwa daga aljihun sinadarai ya fito, saboda haka su an rage musu. In kuwa ruwan ya yi sanyi, to sinadaran ne suka karɓa daga wurinsa, sai a sa alamar tarawa.

Na uku shi ne kwashe duk lambobin da na'urar lissafi ta zubo. Ma'aunin da iyakarsa rabin digiri, kuskuren rabin digiri a cikin 6.5 ya kai kusan kashi 8 cikin 100. Wanda ya rubuta lambobi takwas bayan ɗigo yana da'awar sanin abin da kayan aikinsa ba su gaya masa ba. Lambobi biyu ko uku sun isa.

Ina sauran zafin ya tafi?

Yanzu mu komo kan giɓin nan. A ce wata ɗaliba ta yi gwajin a cikin kofin gilashi, fanka tana kaɗawa, ta sami canjin digiri 5.5 kacal. Lissafinta zai ba ta jul 2,310, wato kilojul 46.2. Ta gaza amsar littafi da kusan kashi ɗaya cikin biyar. A nan ne karatu yake farawa, domin zafi ba ya ɓacewa, wani wuri yake komawa. Kofin gilashi mai nauyin giram 100 yana iya shanye kimanin jul 80 a kowane digiri. Iska ta kwashi nata, tururi ya tafi da nasa, shi kansa ma'aunin ya sha kaɗan. In kuma an daɗe da haɗa ruwan sodar aka bar kwalbar a buɗe, ta riga ta shaƙi iskar kabon ƙarfinta ya ragu. Ɗalibar da ta rubuta 46.2 ta kuma jero waɗannan dalilai, ta ce a sake gwajin a kofin roba mai murfi, ta koyi kemistiri. Wanda ya kwafo 57 bai koyi kome ba sai kwafa.

Manyan masanan da muke karanta sunayensu ma haka suka sha fama. A hunturun 1782 zuwa 1783, Lavoisier da Laplace a ƙasar Faransa sun auna yawan zafi ta hanyar duba ƙanƙarar da ya narkar, kuma sai da suka kewaye na'urar tasu da wata ƙanƙarar domin kada ɗumin gari ya ɓata musu awo. James Joule na ƙasar Ingila, wanda daga sunansa aka samo kalmar jul, ya yi shekaru yana auna yawan aikin da ake buƙata kafin zafin ruwa ya hau. A irin ma'aunin da Ingilishi suke amfani da shi a lokacin, ya sami 838 a 1843, sa'an nan a 1850, bayan ya gyara kayan aikinsa, ya sami 772. Adadin da aka tabbatar daga baya yana wajen 778. Da a ce ya ɓoye sakamakonsa ko ya gyara shi don ya faranta wa wani rai, da 4.2 ɗin da muke ninkawa da ita yau ba ta da tushe.

Masu cewa ba laifin yara ba ne

Na san akwai masu ja da ni, kuma maganarsu tana da nauyi. Wasu abokan aikina sukan ce, ma'auni ƙalilan ne, ɗalibai sun yi yawa, mutum takwas a kan kofi ɗaya, na baya ba ya ganin kome, dole ya kwafa. Wannan gaskiya ne, amma in mutum takwas sun yi gwaji ɗaya, su rubuta abin da ma'auni ɗayan ya nuna, su kuma faɗa cewa tare suka yi. Ƙarancin kaya yana iya hana mu yin gwaji da yawa, ba ya tilasta mana ƙaga lamba.

Bugu da ƙari, wannan gwaji yana cikin mafi arha a duk kemistiri. Abin da ake buƙata shi ne ma'auni ɗaya, da kofin roba mai murfi, da gwangwanin da za a sa kofin a ciki a cusa audugar rimi a kewaye don ta tsare zafi. Sinadaran ma suna nan kusa da mu. Takin yuriya da manoman fadama suke zubawa a shinkafa da albasa, in ka narkar da giram 10 a cikin giram 100 na ruwa, zafin ruwan zai sauka da kimanin digiri 5, har hannu yana jin sanyin. Sodar masu sabulu kuwa, giram 4 a cikin giram 100 na ruwa yana ɗaga zafin da kimanin digiri 10. Daga wannan lissafi ɗalibi zai gane dalilin da ya sa matan da suke sana'ar sabulu suke zuba soda kaɗan-kaɗan a cikin ruwa mai yawa, domin in aka ninka ta goma a ruwa iri ɗaya, yana iya tafasa ya fallatsa a fuska. Kada wani ya gwada wannan sai a gaban malami, da abin kare ido.

Randar da ke tsakar gidanmu ita ma ɗakin gwaji ce. Kowane giram na ruwan da ya tsattsafo ta jikinta ya bushe yana tafiya da kimanin jul 2,400. In giram 10 ya bushe daga lita ɗaya, zafin da ya tafi ya isa ya sauko da ruwan fiye da digiri 5, in ba don ɗumin da yake shigowa daga waje ba. A kan wannan hikima ce Malam Muhammad Bah Abba, wanda ya koyar a Dutse ta Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar sa tukunya a cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan miya, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Duk ɗalibin da ya auna ruwan randa da na bokiti da safe da rana har mako guda, ya yi bincike na gaske.

Wasu kuma, musamman ɗalibai, sukan ce, "Malam, masu duba jarrabawa amsar littafi suke so." Amsata ita ce, a jarrabawar gwaji ta WAEC da ta NECO ana ba da maki a kan yadda aka jera awo, da hanyar lissafi, da sa sunan ma'auni a bayan lamba. Malamin da ya shirya sinadaran shi ma yakan yi nasa gwajin ya aika da abin da ya samu, domin a gwada na ɗalibai da shi. Wanda ya saba ƙaga lamba shekara uku, ran jarrabawa hannunsa zai yi rawa, don bai taɓa koyon karanta ma'auni ba. Amma dole in yarda da abu ɗaya. Mu malamai muna da namu kason na laifi, domin sau da yawa mukan duba layin ƙarshe kawai, in ya yi daidai da littafi mu ba da maki, in bai yi ba mu ja jan layi. Yaro kuwa abin da ya ga ana saka wa shi yake koya.

Abin da ya wuce ɗakin gwaji

Mai karatu yana iya cewa, duk wannan dogon bayani a kan kofi ɗaya na ruwa? To, mu ɗaga kai mu dubi ƙaramar hukumarmu ta Wamakko. A Kalambaina akwai masana'antar siminti da ta fara aiki tun 1967, wadda yanzu take hannun kamfanin BUA. Ana ƙona farin dutse a tanderun da zafinsa yake kaiwa wajen digiri 1,450. Giram 100 na wannan dutse yana buƙatar kimanin kilojul 178 kafin ya farfashe ya saki iskar kabon, wato zafin da zai ɗaga lita ɗaya ta ruwa da digiri 42. Injiniyan da yake lissafin man da za a ƙona a kan dubban tan, irin lissafin da muke yi a aji biyu yake yi, kuma ingancin simintin da za a gina gidajen mutane da shi ya dogara ga gaskiyar awonsa. A Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975 kuma mazauninta na dindindin yake a nan ƙasar Wamakko, akwai Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, inda ake aiki a kan murhun girki da na'urar ɗumama ruwa masu amfani da hasken rana. Hanyar sanin ingancin irin wannan murhu ita ce a ɗora ruwa mai sanannen nauyi, a auna zafin farko da na ƙarshe, a ninka da 4.2.

Daɗin daɗawa, da yawa daga cikin 'ya'yanmu aikin asibiti suke buri. Yawancin alluran riga-kafi ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 da 8, jinin da ake ƙara wa majiyyaci kuma tsakanin 2 da 6. A jikin firjin akwai takarda da ma'aikaci yake cikawa safe da yamma. A gari mai zafi irin namu, in wuta ta ɗauke na wasu sa'o'i, wannan takarda ce kaɗai shaida. Ku yi tunanin ma'aikaciyar da tun tana 'yar shekara goma sha shida ta saba rubuta lambar da ake so a gani. Ranar da firji ya hau digiri 15 za ta rubuta 5, a yi wa jarirai allurar da ta riga ta lalace, iyaye su koma gida da murna, kuma ba wanda zai sani sai ranar da ƙyanda ta shigo unguwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Dukanmu mun taso ana horonmu cewa algus a mudu haramun ne, to ma'aunin zafi ma mudu ne.

Shawarwari

Ga ɗalibai, ku auna kowane ruwa dabam kafin ku haɗa, ku bar ma'auni ya zauna a ciki kamar minti ɗaya, kada ƙasansa ya taɓa gindin kofi, idonku kuma ya yi daidai da kan layin. Ku kashe fanka, ku rufe kofi, ku motsa a hankali, ku riƙa rubuta zafin kowane rabin minti har ya kai ƙololuwa ya fara sauka. Ku rubuta da biro nan take a cikin littafin, ba a tafin hannu ba. In kun yi kuskure ku ja layi ɗaya a kai yadda za a iya ganin na farko. In ma'aunin mai zaiba ne ya fashe, kada ku taɓa da hannu, ku buɗe tagogi ku kira malami, domin tururinta guba ne.

Ga 'yan'uwana malamai, mu raba makin gwaji yadda kaso mafi tsoka zai tafi ga awo na gaskiya da bayanin giɓi. Mu riƙa yin gwajin da kanmu a ranar, da sinadaran ranar, mu kuma gaya wa yara tun farko cewa amsar da ta yi daidai da littafi har lamba ta ƙarshe ita ce za mu fi tuhuma.

Ga hukumar makaranta, ina ba da shawarar a buɗe littafin zafin gari. A rataye ma'auni a inuwa, kowane aji ya karɓi mako guda yana rubuta zafin da ƙarfe bakwai na safe da ƙarfe biyu na rana. Cikin shekara ɗaya za mu mallaki tarihin yanayin makarantarmu wanda babu shi a kowane littafi, kuma babu yaron da zai sake rubuta 25 a watan Mayu.

Ga iyaye da ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da jama'ar ikkilisiya, idan ana maganar taimakon makaranta hankali yakan tafi ga gini da mota. Ina roƙo a tuna da ƙananan kaya. Ma'aunin zafi irin mai jan ruwa ko mai nuna lamba, wanda babu zaiba a cikinsa, yana cikin kayan gwaji mafi sauƙin kuɗi, kuma dozin biyu za su sa kowane yara biyu su sami nasu. In kuma ɗanku ya kawo littafin gwaji gida, ku tambaye shi, "Kai ka auna wannan da idonka?" Wannan tambaya ba ta buƙatar sanin kemistiri.

Kammalawa

Bayan abin da ya faru a watan Mayu, na sa ajin nan suka sake gwajin a kofunan roba da audugar rimi. Amsoshinsu sun bambanta, wani ya sami hamsin da ɗaya, wani hamsin da biyar, muka kwashe darasi guda muna gardamar dalili. Yaron nan da ya ce mini haka yake a littafi shi ne ya lura cewa rukunin da ke kusa da taga sun fi kowa asarar zafi. Na ba shi maki cikakke, ko da yake amsarsa ba ta kai 57 ba.

Ya ku 'yan ajin ƙarshe da za ku bar mu bana, wataƙila nan da shekara goma kun manta da 4.2, ba kuwa zan ji haushi ba, domin ana iya duba ta a littafi. Abin da nake roƙo ku tafi da shi shi ne ɗabi'ar duban ma'auni kafin a rubuta, ko a asibiti kuka sami kanku, ko a masana'anta, ko a kasuwa. A nan zan dasa aya. Allah ya ba ku sa'ar jarrabawa, ya kuma sa ku zama masu gaskiya a awo, amin.